Babur Mai Ɗaukar Mutum Ɗaya

Da sikelina na awon nama Kubat ya fara wannan hauka tasa. Na neme shi a madafa na rasa, na leƙa rumfar bayan gida, sai ga shi rataye a azara an ɗora masa batirin babur. Kubat ƙanena ne, autanmu, ya haura talatin amma har yau in ya sa abu a ransa ko kiran sallah ba ya ji. Babur ɗin nasa na kan ƙanƙara ne, mai ƙafafun sulɓi biyu a gaba da bel mai haƙora a baya. Da shi yake jan baƙi masu wasan zamiya zuwa kan duwatsu idan sanyi ya shigo.

"Kai, ɗan nema! Sikelin abincina ka ɗora wa wannan ƙazantar?"

"Eje, zo ki ɗaga ki ji," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. Eje yake ce min, wato yaya. "Duk wannan nauyin nake hawa dutse da shi, don kawai ina ƙyashin jan igiya in tayar da inji. Na cire shi. Sitata ma na cire."

Halinsa ke nan tun yana yaro. Duk abin da ya shiga hannunsa sai ya ɗan jijjiga shi a tafi ya faɗi nauyinsa, ko burodi ne ko jaririn mutane. A ƙasan rumfar ya jera abubuwan da ya raba babur ɗin da su: gilashin gaba, fitila, kariyar kaya, ƙatuwar salansa da ya musanya da wata 'yar gwangwani. Ya matso da ƙafafun gaban kusa da juna, ya ɗaga hannun tuƙi sama don a tsaye zai riƙa tuƙawa. Wurin taka ƙafa ya bi shi da huda har ya koma kamar rariya, wai don kada ƙanƙara ta taru a kai, ita ma nauyi ce.

Mijina Toktosun ya shigo ya same mu. Ba na son kiran sunansa, ban saba ba, baban yara nake ce masa. Ƙaton mutum ne, in ya tsaya a bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Shi da Kubat ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, haka ake yi tsakanin mijin yaya da ƙanen mata.

"Me ya rage kuma?" ya tambaya. "Ka cire injin ma mana, ka huta. Sai ka riƙa tura shi."

"Jezde, ja da baya. Inuwarka kaɗai ta isa ta nutsar da shi," in ji Kubat. Jezde muke ce wa mijin yaya.

A gabanmu ya kwance doguwar kujerar mai ɗaukar mutum biyu, ya manna wani ɗan soso da bai fi tafin hannu biyu ba a madadinta. Bai tsaya nan ba. Ya kunna injin yanka ya share ƙarfen da kujerar ke zama a kai, ya datse bambar baya tare da ƙugiyar jan kaya, ya rage tsawon jelar, abin da ya saura ya huhhuda shi. Na ce masa, "To fulawata fa? Da me za ka jawo mana ita bana?" Ya ce kada in damu, yanzu ta Wuyan Doki zai riƙa zuwa, kafin shayina ya huce ya iso. Na yi tsaki, don Wuyan Doki gangare ne a kan rami mai zurfi, ko tumakin dutse sai sun yi shawara suke ratsa shi da sanyi.

A wurinmu ba a zubar da abu. Gilashin ya tafi tagar ɗakin kajin maƙwabta, kariyar ta zama abin shanya nama. Baban yara ya ɗauki kujerar ya danna ta da babban yatsa, ya ce ta fi kututturen da yake zama a kai laushi. Da kaka ta ƙare muka ɗora ta a kan doki tare da sauran kaya, muka kora topoz ɗinmu, shanun nan masu gashi har ƙasa, muka hau ɗakin dutsenmu na sama, inda iska ke share ƙanƙara daga kan ciyawa dabbobi su sami na ci. Yaranmu duk sun watse, ɗaya tana birni, ɗaya yana aiki a Rasha. Mu biyu ne, da rediyon oba-oba da muke magana da ƙauye.

Shekarun baya Kubat ta hanyar kogi yake zuwa mana, a hankali, yana jan akwatin kaya, buhun fulawa da gishiri da man girki. Bana sai muka ji wata irin ƙara daga sama kamar ana yaga ƙyalle, kafin in fito ya tsaya a ƙofa yana dariya, gemunsa fari fat da ƙanƙara. A bayansa 'yar jaka ce. Na buɗe, shayi da sukari da fulawar da ba ta isa suyar kwana uku ba.

"Wannan ce fulawar? Kaji ka zo ciyarwa?"

"Zan dawo jibi, Eje. Yanzu zuwa nan ba komai ba ne."

Na zage shi son raina. Amma da zai koma na tsaya ina kallo, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin ya burge ni. Ya tsaya da ƙafafunsa biyu a gefe ɗaya, ya kwantar da babur ɗin a jikin gangaren, ƙafar sulɓi ɗaya a sama tana lilo, ya ratsa Wuyan Doki kamar wanda ke yanka man shanu da wuƙa. Baban yara ya ce, "Ɗan banzan yaron nan ya iya." Ya koma ciki ya zauna a kujerarsa bakin murhu.

A tsakiyar sanyi aka yi ƙanƙarar da ban taɓa ganin irinta ba. Kwana da kwanaki tana zuba, busasshiya, mai laushi, in ka taka sai ka nutse har ƙirji. Dabbobi suka takura a garke suka fara faɗa. Baban yara ya shiga raba su, sai babban bijimin ya juya ya matse shi da katangar dutse. Ina daga ƙofa na ji ya yi wani nishi. Da ƙafarsa ya shigo ɗaki, ya ce ba komai, haƙarƙari ne ya ɗan bugu, in ba shi shayi mai zafi. Ban yarda ba, amma me zan yi? Na ɗaure masa ƙirji da ɗankwalina.

Da gari ya waye cikinsa ya yi tauri kamar allo, leɓɓansa sun yi fari, yana ta neman ruwa. Na kira ƙauye. Likitarmu ta sa na danna nan na danna can, ta sa na duba cikin idonsa. Sannan ta ce, "Burul eje, jini ne ke zuba a ciki. Ba abin da zan iya faɗa miki ki yi a nan. Sai an yi masa aiki a asibiti, kuma yau." Na ce jirgi mai saukar ungulu fa? Ta ce sun kira, gajimare ya rufe duwatsu, ba mai tashi. Ta ce maƙwabcinmu Sabirbek da wasu sun riga sun kama hanyar kogi da manyan baburansu da akwatin ja, wanda babur ke ja a baya.

Na zauna da rediyon a cinya ina sauraron su. Ba su yi nisa da ƙauye ba na fara jin Sabirbek yana haki yana zagi. Na gaba ya nutse, sun haƙo shi, na baya ya nutse. Manyan baburan nan masu nauyi, da kujeru da kariya da komai nasu cif, hancinsu kawai suke cusawa cikin ƙanƙarar su tsaya. Tsoro ya kama ni. Na share wa baban yara gumi, na ƙara kashin shanu a murhu, na sake share masa gumi. Iyakar abin da na iya ke nan.

Wajen azahar na ji ƙarar nan ta yaga ƙyalle. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinta ba. Na fita ba ko mayafi, ga Kubat yana saukowa daga Wuyan Doki, ƙanƙara na tashi ta kansa, shi kaɗai ya iya ratsowa duk faɗin kwarin nan. Na rungume shi ina kuka ina cewa Allah ya yi maka albarka. Sai na juya na dubi babur ɗin, na dubi ɗan soson nan, na dubi jelar da ba ƙugiya. Shi ma wurin yake kallo.

Ya shiga ya durƙusa gaban shimfiɗa. "Jezde, me ka yi wa bijimin mutane?"

"Kokawa muka yi," in ji baban yara da ƙyar. "Shi ma yana can yana jinya."

Ni na tuna da kujerar. Na finciko ta daga bakin murhu na fita da ita a guje, na ɗora ta a kan babur ɗin, daidai wurinta. Ta zauna kamar ba a taɓa cire ta ba. Ramukan noti huɗu na nan a ƙasanta, amma abin da za su kama babu, an share shi tun kaka. Kubat ya sa yatsa yana shafa wurin da injin yankan ya bi. Muka ɗaure ta da igiyar gashin doki, ta sama ta ƙasa, muka ja har hannuna ya fashe. Muka naɗe baban yara da bargo muka fito da shi, ni a ƙafa, Kubat a kafaɗa, muna tafiya muna ajiyewa. Muka zaunar da shi a gaba, Kubat ya tsaya a bayansa ya zagaye shi da hannuwa ya kama abin tuƙi.

Ko garke ba su wuce ba. Babur ɗin da aka matse wa ƙafafu an yi shi ne don ya kwanta gefe da zarar an ɗan karkata, mai tuƙi ya riƙa tsalle daga wannan gefe zuwa wancan yana daidaita shi. Yanzu ga ƙaton mutum zaune a tsakiya, ba ya iya motsi, ya tare wa Kubat hanya. Da ƙasa ta ɗan gangara sai kujerar ta zame, babur ya kife, baban yara ya faɗa cikin ƙanƙara. Ihun da ya yi ban taɓa jin ya yi irinsa ba tun da aka kai ni gidansa. Na bi su ina nutsewa ina faɗuwa ina kiran sunan Allah.

Kubat ya ce a gwada ja. Muka ciro kwamin katako da muke zuba wa maruƙa ciyawa, muka shimfiɗa bargo, muka kwantar da shi a ciki. Kubat ya zagaya bayan babur ɗin yana neman inda zai ɗaura igiya. Ba bamba, ba ƙugiya, sai falle-fallen alminiyam mai huji-huji. Ya zura igiyar ta ramuka da yawa don nauyin ya rabu, ya ja igiyar inji, ya ba shi wuta a hankali. Kwamin ya motsa, ya yi taku kaɗan, ya cusa baki cikin ƙanƙara. Kubat ya ƙara wuta. Sai na ji ƙarrr, jelar ta yage daga rami zuwa rami kamar takardar da aka huda don a yaga, igiyar ta faɗo ƙasa da guntun ƙarfe a bakinta.

Nan na haukace. Na kama rigarsa ina jijjiga shi. "Ka ga abin da ka yi? Ka ga wasan banzanka? Ka zauna kana awon noti da sikelina, ka yanke wurin zaman mutum, ka yanke wurin jan mutum, don baƙi su tafa maka! Me ka kawo min? Ƙara ka kawo min? Ka zo kallo ne?" Na faɗa masa maganganun da yaya ba ta faɗa wa ƙanenta. Bai ma kare fuskarsa ba.

"Tsohuwa." Muryar baban yara ce daga cikin kwamin, can ƙasa. "Saki yaron. Waɗanda ba su yanke komai ba suna ina? Suna can bakin ƙauye a kafe. Shi ya zo." Ya ɗan huta. "Ku mayar da ni ɗaki, sanyi nake ji."

Na sake shi. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ci mini rai, don da laifin wani ne da na sami wanda zan riƙe. Da bai rage masa nauyi ba da bai iso ba. Da ya iso, ba ya iya ɗaukar kowa sai shi. Na ce to ya sauka ya ɗauko likita. Ya ce ita ma mutum ce, Eje, a ina zan sa ta? Na ce ya ɗauko ƙarfe da noti ya gyara jelar. Ya ce ko ya gyara, ba a ratsa Wuyan Doki da abu a baya, ramin zai janye su duka, hanyar kogi kuma kwamin nutsewa zai yi ta yi. Duk ƙofar da na taɓa a rufe take.

Ya tsaya yana kallon sawun da babur ɗinsa ya bari. Sai ya ce abu ɗaya ya rage. Zai bi hanyar kogi shi kaɗai, ya sauka ya hau, ya sauka ya hau, har bel ɗinsa ya danne ƙanƙarar. In sawun ya daskare ya yi tauri, babur ɗin Sabirbek zai iya bi da akwatin ja.

"Yaushe zai yi tauri?"

Ya kawar da kai. "Sai ya kwana."

"Likita ta ce yau."

"Na ji ta, Eje."

Ya murɗe yagaggen ƙarfen da hannu don kada ya ci bel, ya ja igiya, ya tafi. Na mayar da kujerar bakin murhu na zauna a kanta, kusa da kan baban yara. Daga nan aikina ya zama saurare. Ƙarar ta yi nisa ta ɓace, in zauna in jira, can ta dawo tana ƙaruwa. Duk zuwa sai Kubat ya leƙo, jarkar mai a goye a bayansa, girarsa ta daskare, ya ce, "Jezde, kana nan?" Baban yara ya ce, "Ina zan je? Ka hana ni kujera." Zuwa na gaba ya ce masa, "Ka rage gudu, kana firgita min shanu." Na gaba da shi hannu kawai ya ɗaga.

Kafin magariba Sabirbek ya kasa haƙuri ya gwada sawun. Na ji su a rediyo, sun ɗan yi gaba fiye da na safe, sannan suka sake nutsewa, don ƙanƙarar ba ta kama ba tukuna. Na roƙe shi, na ce Sabirbek don girman Allah ku sake gwadawa. Ya ce, "Burul, in muka farfasa sawun yanzu, gobe ma ba hanya." Na ajiye rediyon. Duhu ya shigo, babur ɗin Kubat ba fitila, ita ma tana cikin abin da sikelina ya auna. Ya ɗaura tocila a goshi ya ci gaba.

Baban yara ya ce in jiƙa masa leɓe. Ya ce bijimin nan kada a yanka shi don haushi, dabba ce, kuma irinsa mai kyau ne. Ya ce in gaya wa yara kada su yi rigima a kan garke. Na ce ya rufe min baki, da kansa zai gaya musu. Ya yi murmushi ya ce to, tsohuwa. Na riƙe hannunsa, ƙaton hannun nan da ke kama ɗan maraƙi ya ɗaga, yana ta yin sanyi a cikin nawa, ina murza shi ina hura masa iska kamar hakan zai yi wani abu.

Bayan asuba ya cika. Na yi masa kalmar shahada a kunne, na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa da ɗankwalin da na ɗaure masa ƙirji da shi. Ban yi kuka ba a lokacin. Na zauna a kujerar ina kallon taga tana yin fari.

Rana ba ta gama fitowa ba na ji wata ƙara daban, mai kauri, a hankali. Sawun ya yi tauri kamar titi. Sabirbek ne a gaba da akwatin ja, likita a bayansa a zaune daram a kan kujera, wasu biyu na biye. Ko sau ɗaya ba su nutse ba, in ji su. Kubat ne ƙarshe, ya sauka daga babur ɗinsa ya dafa katanga. Ya dubi fuskata ya gane.

Likita ta shiga ta fito tana share ido. Maza suka cire huluna, Sabirbek ya yi addu'a muka shafa. Suka ce a sauka da shi gida, a kafa masa tanti a tsakar gida kamar yadda ake yi, a binne shi kusa da iyayensa. Aka naɗe shi a shimfiɗar gashi. Mutum huɗu suka kama, Kubat ya ture Sabirbek ya karɓi wajen kafaɗa, inda ya riƙe jiya.

Suka ɗaga. A bakin ƙofa na ga Kubat ya tsaya, hannuwansa sun ɗan yi sama sun yi ƙasa, irin yadda yake yi wa komai tun yana yaro. Bai san ma ya yi ba. Ya juyo ya dube ni, hawaye na bin fasasshen kumatunsa.

"Eje," ya ce, "ba shi da nauyi. Wallahi ba shi da nauyi."